Wayar sakan-han mai mutuwa a kashi 30: yadda muka bi matsalar caji da batir har muka gano bakin zaren

Wayar Android ce, irin masu matsakaicin ƙarfin nan, ba zan kama sunan kamfanin ba tunda duk abin da muka tarar a cikinta ba su suka yi shi ba. A takarda batirinta 5000mAh ne, bakin cajinta USB-C, kuma ya kamata ace tana jan cajin sauri na wat 18. Ƙanena ne ya saye ta sakan-han, ba kwali ba cajarta ta asali, sai wani kan caja da igiya da mai sayarwa ya haɗo masa wai kyauta. A ido fes take, sikirin ba ko ƙwarzane, kyamara lafiya, sifika lafiya, shi yasa ma ya ɗauka bai tsaya dogon bincike ba.

Ƙorafin da ya kawo min ba ɗaya bane. Idan ya jona caji sai ya ɗan danne igiyar ko ya tokare ta da wani abu kafin alamar caji ta fito, yana saki ta ɗauke. In ma ta kama, kwana take yi bata cika ba, in kuma yana latsa wayar tana jone to lambar bata gaba, wani lokacin ma baya take yi. Sannan da zarar ta sauko wajen kashi 30 sai ta mutu ɗif ba gargaɗi, musamman in ya buɗe kyamara ko yana cikin kira, ya kunna ta nuna masa kashi 4, ya jona caji ɗan lokaci kaɗan ta koma 28 kamar ba ita ba. Da dare kuma ya ajiye ta da caji ya wayi gari ta zubar da kusan kwata ba wanda ya taɓa ta. Ya riga ya kai ta wajen wani mai gyara, wanda ko buɗe ta bai yi ba, cajarsa kawai ya jona ya kalli sikirin ya ce ai IC ɗin caji ne, wato ɗan ƙaramin cif ɗin da ke sarrafa shigar wuta cikin batir, ya tafi sai an ɗaga shi. "Yaya in bashi ya yi kawai?" Na ce a'a, dakata tukunna.

Dalilina shine ɗaga IC ba ƙaramin aiki bane, bulowa mai hura iska mai zafi za a sa wa fanel ɗin, wato babban allon cikin waya, da zafin da zai narkar da dalma, in hannun mai yi bai faɗa ba sai a gyara wuri ɗaya a ƙona na kusa da shi, wayar da take lallaɓawa ta koma gawa gaba ɗaya. Kuma ma ƙorafin nan huɗu ba wuri ɗaya suke nunawa ba. Mutuwa a kashi 30 daban, danne igiya daban, zubar da caji da dare daban. Waya sakan-han ta bi ta hannuwa, wani ya jefar da ita, wani ya buɗe ta, wani ya sa mata kayan da ya samu, don haka da wuya ka tarar ciwonta guda ɗaya ne tak. Abin da muka shirya shine mu faro daga waje mu shiga ciki, abu ɗaya za mu canza a lokaci ɗaya, kuma duk abin da muka canza sai mun auna, ba wai mu kalli alamar walƙiyar nan ta sikirin mu ce ai tana caji ba.

Kayan awon ba wani abu bane, ƴar ƙaramar mitar USB ce da ake sawa tsakanin kan caja da igiya, tana nuna bolt nawa ke fita, amf nawa wayar ke ja, kuma tana tara jimillar wutar da ta wuce. Wanda bashi da ita zai iya rage zafi da manhaja irin Ampere ko AccuBattery, amma su abin da wayar ta faɗa musu suke maimaitawa, mitar kuwa ba ruwanta da ra'ayin waya.

Mun fara da caja da igiya, kuma a kan wayata muka gwada su ba tasa ba, don tawa na san lafiyarta ƙalau. Kan cajarsa da igiyarsa: bolt 5, amf wajen 0.5, shikenan. Na bar kan cajarsa na sa igiyata, ya ɗaga zuwa wajen amf 1 amma bolt ɗin ya zube zuwa 4.6, alhali a jikin kan an rubuta wat 18 ɓaro-ɓaro, kuma in ka ɗauke shi a hannu ba nauyi ko kaɗan. Na sa kan cajata da igiyarsa, nan ma rabin amf ɗin dai, cajin sauri ko alamarsa. Toh kaga duka biyun basu da kirki amma igiyar ta fi laifi.

Abin da ke faruwa da irin igiyar nan, kafin waya ta ja wuta mai yawa sai ta fara tantance wace irin caja aka jona mata. A tsarin Quick Charge na Qualcomm ta layukan data biyu na cikin igiya ake wannan yarjejeniyar, a tsarin USB PD kuma ta layin da ake kira CC. Igiya mai arha sau da yawa layin wuta biyu ne kawai a cikinta ba na data, sai wayar ta rasa da wa take magana ta koma kan mafi ƙarancin abin da ta san ba zai yi ɓarna ba, wato 500mA na tsohon ma'aunin USB 2.0. Ga kuma siririn jan ƙarfen ciki, in igiya tana da turjiyar rabin om kuma aka ja amf 2, bolt ɗaya cur ya ɓace a hanya kafin ya iso waya, ita kuma waya da ta ga bolt na faɗuwa sai ta rage ja. Yanzu yi lissafi, bolt 5 sau amf 0.5 wat 2.5 kenan. Batir 5000mAh a bolt 3.85 yana ɗauke da wajen 19Wh (Wh shine wat sau awa, ma'aunin jimillar wuta), kaga kusan awa 8 kenan in wayar a kashe take kuma ba asarar komai. Sikirin da haske da data a kunne su kaɗai za su iya cinye wat 2.5 ɗin, shine kake ganin "tana caji" lamba na komawa baya, kuma ba IC ɗin da ya yi laifi a nan.

Da muka sa lafiyayyar caja da lafiyayyar igiya a wayarsa sai mitar ta dinga rawa, ta hau ta faɗo sifili ta sake hawa. Na lura kan igiyar baya shigewa duka, akwai ɗan ƙarfe da ya rage a waje, kuma ba ka jin ɗan "ƙas" ɗin nan da USB-C ke yi in ya zauna. Muka kashe wayar na haska cikin bakin da tocila. Can ƙasa, gefe da gefen ɗan harshen nan na tsakiya, wani abu ne toka-toka a danƙare, har ya yi sheƙi saboda dannawar da kan igiya ke masa kullum, in baka san yadda ƙasan bakin yake ba sai ka ɗauka haka aka ƙera shi. Da tsinken sakace na katako da na fere bakinsa ya yi siriri na dinga sosawa a hankali ina bin bango, ba na taɓa harshen, farko ƙura ce kaɗan ke fita, can sai ga wani curin zaren aljihu ya taso gaba ɗaya da siffar bakin a jikinsa. Ƙanena ya ce "wai duk wannan a ciki yake?" Aka bi da ɗan digon sifirit na goge kayan lantarki a bakin tsohon buroshi, aka bari ya bushe. Dan Allah kar a sa allura ko fil a wurin nan, ƙarfe ne, zai iya haɗa layin wuta da na kusa da shi ko ya kankare fil-fil ɗin, su 24 ne jere a kan ɗan harshen da bai kai faɗin farce ba.

Bayan nan igiya ta shige ta yi ƙas, mita ta nuna bolt 9 da amf wajen 1.6, wato wat 14 da ɗoriya. Shi a wajensa an gama, har ya fara godiya. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai shine saurin da lambar ke hawa, daga ƙasa-ƙasa ta kai 100 ko awa ɗaya ba a yi ba. Mutane suna murna da wannan, "wayata nan da nan take cika", alhali a waya mai wat 18 da batir 5000mAh ba abin murna bane. Ba ta yadda za ka zuba 19Wh cikin ƙasa da awa da wat 14, balle ma cajin lithiyom ba da gudu ɗaya yake tafiya ba, yana ja da ƙarfi har wajen kashi 70 zuwa 80 sannan in bolt ɗin batir ya kai iyakarsa, 4.35 ko 4.4 a wayoyi da yawa, sai ya dinga rage amf a hankali har ya cika. Batirin da ke cika da wuri haka ɗan wurin da ya rage masa ne ya cika.

Sai muka auna shi da gaske. Aka bar wayar ta sauka a hankali, haske a ƙasa, ba kyamara ba kira, don kar ta yi mutuwar nan ta kashi 30, ta lallaɓa har ta kai ƙarshe ta mutu da kanta. Wannan don awo ne kawai, ba ɗabi'ar da za a riƙe bace, batirin lithiyom baya son a dinga tatse shi zuwa sifili. Muka share mitar muka jona wayar a kashe har ta cika. Jimilla 10.5Wh ta shiga. A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa, mitar tana nuna mAh ma, amma mAh ɗin a bolt ɗin caja take ƙirga shi, 5 ko 9, ba a bolt ɗin batir ba, in ka kwatanta shi kai tsaye da 5000 ɗin da ke jikin batir lissafinka ya karkace. Wh za ka ɗauka, ka cire wajen kashi 10 zuwa 15 da ke tafiya a zafi, ya rage wajen 9, ka raba da 3.85, ka samu wajen 2400mAh. Ko rabi bai kai ba. Don a gane nisan abin, Apple sun daɗe suna cewa batirin iPhone 14 da na kafinsa an tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken zagayen caji 500, kuma ƙasa da 80 ɗin nan ne ake fara cewa a canza. Namu yana ƙasa da 50.

Mutuwar kashi 30 ma daga nan take, kuma ita ce ta fi rikita mutane don suna ganin ai da sauran caji. Batir in ya tsufa ba ƙarfinsa kaɗai ke raguwa ba, turjiyar cikinsa ma ƙaruwa take. In wayar na zaune shiru tana jan ɗan kaɗan bolt ɗin zai tsaya a wajen 3.7, komai lafiya. Ka buɗe kyamara, ko kira ya shigo a wurin da sabis bashi da ƙarfi wayar ta ƙara ƙarfin aikawa, nan take a ja amf 2 ko fi, bolt ya dulmiya ƙasa da wajen 3.4 inda wayar ke kashe kanta don kare kayan ciki. Kamar dattijo ne da zai iya yini yana takawa a hankali, amma ka ce ya ruga sai ya zube. Da an sauke nauyin bolt ya farfaɗo, shine ma'aunin kaso ke rikicewa ya nuna 4 yanzu anjima 28. Wannan matsalar ce ta sa Apple suka dinga rage gudun tsofaffin iPhone don kar su dinga mutuwa haka, suka amsa hakan a Disamba 2017 bayan an yi ta surutu, sannan a 2018 suka saka shafin lafiyar batir a iOS 11.3. Mai sayen iPhone sakan-han aƙalla yana da inda zai leƙa, duk da shi ma lambar ba abin rantsuwa bace in an taɓa canza batir. A Android kuwa ya danganta da kamfani, wasu suna da gwajin batir a manhajarsu, wasu lambar *#*#4636#*#* na buɗe musu shafin gwaji, wasu ba komai, kuma kalmar "lafiya" da shafin ke rubutawa ba ta nufin ƙarfinsa na nan, tasa ma haka ta rubuta.

Wani abokinsa ya bashi shawarar wai ya yi kalibireshon, ya sauke manhajar da ke "gyara batir". Ba manhajar da ke mayar da sinadarin da ya mutu. Tatse waya a cika ta sau ɗaya yana iya sa ma'aunin kaso ya daidaita lissafinsa, iyakarsa kenan, lambar ce za ta daina ƙarya, batirin yana nan yadda yake. Tsohuwar dabarar nan ta goge fayil ɗin batterystats ma tun 2012 wata injiniyar Android a Google ta fito ta ce fayil ɗin tarihin amfani kawai yake ajiyewa, ba ruwansa da tsawon rayuwar batir.

Kafin mu taɓa batirin na so mu gama da zubar cajin dare, don in aka sa sabo alhali akwai mai tsotsa a ɓoye, za a zo ana zagin sabon batir ne a banza. Rabin ƙarfi yana bayyana wani ɓangare, abin da zai ci kashi 5 a lafiyayyen batir zai ci 10 a wannan, amma kwata guda ya yi yawa. Ya kwana da ita a yanayin jirgi, zubar ta ragu sosai amma bata tsaya ba. Ya kwana da ita a sef mod, wanda ke hana duk manhajojin da aka sauke aiki, sai ga shi kashi kaɗan kawai ta ci. Wannan sakamakon ya min daɗi, don ya nuna ba shot bane a fanel, wato ba layukan wuta ne suka haɗe ba, da shot ne ba ruwansa da sef mod, ko a kashe wayar take zai ci kuma za ka ji wuri ɗaya na ɗumi. A shafin batir na saitin muka ga mai laifin, wata manhajar "share datti da sanyaya waya" ce da ta zo a cikin wayar daga hannun tsohon mai ita, ta karɓi izinin aiki a bayan fage da na fitowa a kan sauran manhajoji, dare da rana tana jan talla. Har ta sa kanta cikin masu iko da na'ura ta yadda maɓallin cirewa ya dushe, sai da muka shiga sashen tsaro muka ƙwace ikon sannan ta fita. Ga kuma layi na biyu da ya saka wanda sabis ɗinsa sanda ɗaya ne a ɗakinsa, waya na ta faman neman netwok duk dare, shima muka kashe shi in ba ana buƙata ba.

A nan ne na ga wani abu da ba na batir bane amma ya isa ya hana mutum barci, akwai akawun ɗin Google na wani a kan wayar, ba nasa ba. Ni da na so mu yi mata fomatin gaba ɗaya don mu huta da tarkacen tsohon mai ita. Tun daga Android 5.1 akwai kullen da ke tambayar akawun ɗin da ke kan waya in aka goge ta ba ta cikin saitin ba, in baka san fasuwod ɗin ba ka zauna da waya a kulle. Sai da muka cire akawun ɗin daga cikin saitin tukunna, ya sa nasa, sannan aka goge ta ta hanyar saitin ɗin.

Buɗe wayar ba ni na yi ba, wani abokina mai gyara ne da na yarda da hannunsa. Tun kafin ya sa zafi ya nuna min gefen murfin baya, ya ce "duba nan, ya ɗan ɗaga, kuma gam ɗin nan ba na kamfani bane." Farce na shiga tsakanin murfi da jiki. Da ya buɗe, sukurori biyu babu, akwai sawun yatsa a kan garkuwar fanel, ƴar takardar nan fara mai nuna shigar ruwa ta ɗan yi ruwan hoda a gefen ƙasa. Batirin kuma ba nata bane na asali, an taɓa canza shi, rubutun jikinsa ya ɗan karkace, an buga masa 6000mAh alhali girman ramin bai canza ba, kuma tsakiyarsa ta taso, in ka ɗora rula a kai sai ta yi lilo. Wannan tasowar iskar gas ce da ke taruwa in sinadarin ciki ya fara lalacewa, kuma batirin da ya kumbura ba a lallaɓa shi, ba a danna shi ya koma, ba a huda shi wai a sace iskar, ba a sa shi a firiza, wuta yake kamawa in aka haɗa faifan cikinsa. Ko wajen ciro shi abokin nawa bai sa ƙarfe ba, sifirit ya ɗiga a ƙarƙashi ya jira gam ya saki ya ɗaga da leda mai tauri. Ya liƙe bakin fulas ɗinsa, wato inda yake haɗuwa da waya, da tef ya ware shi cikin waɗanda zai kai wurin masu karɓar matattun batira, ba kwandon shara ba.

Tunda wayar na buɗe na ce, "Malam, dan Allah gwada min maganar IC ɗin nan mu huta." Ya jona fanel ɗin a na'urarsa mai ba da wuta a madadin batir, ya saita bolt 4, wayar a kashe allurar amf bata motsa ba. Ya danna maɓallin kunnawa ta hau ta sauka yadda ya kamata har waya ta tashi. Ba shot, ba wurin da ke zafi. Ya yi dariya ya ce IC ɗin da ya ba ku bolt 9 da amf ɗaya da rabi ai ba shi ke ciwo ba.

Wajen zaɓen sabon batir ba mu bi babbar lamba ba. Wanda lambar samfurinsa ta yi daidai da na wayar muka nema, ƙarfinsa 5000 kamar yadda kamfani ya tsara, muka duba kwanan watan ƙera shi don batir yana tsufa ko a ajiye yake, ya auna shi da mita kafin ya saka ya ga 3.8 da ɗan wani abu, wanda shine daidai ga batirin da aka adana da rabin caji. Wanda ka auna ka ga ya faɗi ƙasa da bolt 3 a cikin leda ya daɗe a kwance, kuma bustin ɗin da wasu ke yi masa da wuta kai tsaye tashinsa kawai yake, lahanin da ya riga ya samu yana nan. Bayan an saka muka maimaita awon farko sak, a hankali zuwa ƙasa, caji a kashe, mita ta tara 20Wh da ɗan kai, in ka cire asara ya kama wajen 4600 zuwa 4700mAh. Bai cika 5000 cif ba amma abin karɓa ne, kuma cikar ta ɗauki sama da awa biyu. Ya buɗe kyamara a kashi 12 yana ɗaukar bidiyo bata ko girgiza ba. Lambar kason ta ɗan yi tsalle-tsalle a cajin farko-farko kafin ma'aunin ya saba da sabon batir, daga baya ta nutsu.

Saura abu ɗaya da ya fito daga baya, shi ma da ba don mita ba da ba za mu kama shi ba. Ƙanena ya ce wani lokacin tana rubuta cajin sauri wani lokacin caji kawai, caja ɗaya igiya ɗaya. Na jona, bolt 9. Na zare na juya kan igiyar na mayar, bolt 5. Na sake juyawa, 9. USB-C ana sa shi ta kowane gefe ne saboda a cikin bakin wayar layukan data da na CC bibbiyu ne, sama da ƙasa, igiya kuma saiti ɗaya take taɓawa gwargwadon yadda ka juya ta. In fil ɗin gefe ɗaya ya ci tsatsa ko ya goge, wuta za ta wuce amma yarjejeniyar cajin sauri ba za ta ƙullu ba ta wannan gefen. Da gilashin ƙara girma muka ga kore-kore a kan fil biyu na jeren ƙasa, wanda ya yi daidai da takardar ruwan nan da ta canza launi, wayar ta taɓa shan ruwa ta baki a hannun wani. An sake wankewa da sifirit, bai dawo ba.

Maganinsa canza ƙaramin allon ƙasa ne, wanda masu gyara ke kira dawun bod, a wannan wayar bakin cajin a kansa yake tare da makirfo da mahaɗin eriya, ba sai an sa wa babban fanel zafi ba. Amma abokina ya ce wanda ke hannunsa kwafi ne, ya ɗora shi kusa da na asalin ya nuna min wuraren da ya kamata a ga ƙananan kayan kariya an bar su fayau. Irinsu sau da yawa caji zai yi amma saurin ya tafi ta duka gefen biyu, ko a dinga ce maka ba a jin muryarka, ko sabis ya ragu, wasu wayoyin ma har su fara ƙorafin zafi ko sanyin ƙarya su ƙi caji saboda na'urar auna zafin da ke kan allon ba daidai take ba. Ya ce gara a jira ya samu na asali daga irin wayar da sikirinta ya fashe aka yi kwancenta. Ƙanena ya yarda, ya ɗiga jan fenti a gefen igiyar da ke ba da bolt 9 yana sa ta ta nan. Sharaɗin da abokina ya gindaya masa shine in ya taɓa kan igiyar ya ji zafin da ba zai iya riƙewa ba, ko ya ji ƙauri, ko gefen mai kyau ma ya fara ɗaukewa, ya zare ya kawo ta a ranar ko allon asalin bai samu ba, don tsatsar bakin caji yaɗuwa take yi kuma fil ɗin wuta na maƙwabtaka da waɗanda suka riga suka ci.